Minti Tara na Ranar Laraba

Littafin Baba Benson ya ɓace ranar Alhamis. Shafi ɗari uku da sha ɗaya, aikin shekara shida. Ya kunna kwamfutarsa da la'asar bai same shi ba. Ya jawo durowa zai ɗauko filash ɗin da yake ajiye kwafi na biyu, shi ma babu. Ba a fasa ƙofa ba, ba a taɓa talabijin ba. Kafin rana ta faɗi layinsu na unguwar Trikania ya gama shari'a: Diana ce, matar ɗansa Victor.

Hujjar biyu ce. Ta farko, an taɓa jin Diana a tsakar gida tana cewa, "Da ma littafin nan ya ƙone mu huta," ranar da tsohon ya bar tuwo ya huce, ya manta maganin hawan jini. Ta biyu, Mama Naomi, mai sayar da kayan miya daura da tagar Baba, ta rantse ta ga Diana zaune gaban kwamfutar da safiyar Alhamis ɗin. Da aka tambayi Diana ta ce ba ta taɓa taɓa ta ba. Victor ya ce ta tattara kayanta ta koma gidansu a Kamazou. Dattawan coci suka roƙa a jira Lahadi bayan sujada. Jakarta tana bakin ƙofa a ɗaure.

Sunana Debby. Shekara bakwai na yi a Indiya ina karatun kwamfuta, bara na dawo, na kama ɗaki a unguwar Nasarawa ni kaɗai. Unguwa ba ta san yadda za ta yi da ni ba, ni ma haka.

Da safiyar Juma'a Kawu Samson, wan mahaifiyata, ya buga mini ƙofa. Maharbi ne a ƙuruciyarsa can Filato, ya yi shekara ashirin da biyu yana gadin ƙofar masaƙa, yanzu shi ne shugaban 'yan sintirin Trikania. In akuya ta ɓace, ko babur, shi ake kira.

"'Yar Indiya, sa takalmi."

"Kawu, ban karya ba."

"Kya karya a hanya. An yi sata a inda ƙafata ba ta shiga. Ko rawa kawai suka koya miki a can?"

Na sa takalmi.

* * *

Mun sami Baba Benson a ɗakinsa, zaune gaban kwamfutar. Babu wuta, don haka baƙin gilashi kawai yake kallo. Tsohuwar kwamfutar tebur ce, ta girmi wasu 'yan makarantar layin. A gefensa Dattijo Godwin ne zaune, abokinsa na shekara arba'in, sakataren coci, ya ɗora haɓa a kan sandarsa.

Littafin tarihin ma'aikatan masaƙa ne. Waɗanda suka zo daga Filato da Binuwai da kudancin Kaduna, wa ya auri wa, wa na'ura ta cinye wa yatsa, da kuma babban yajin aikin da aka kori mutum goma sha biyu a cikinsa, har da Baba Benson. Wani ne ya kai wa manya sunayen masu shirya yajin. Daga nan Baba ya koma buga wa mutane takardu da tafireta a bakin kotu. Ranar Litinin mai zuwa za a kai littafin maɗaba'a.

"Yaushe ka gan shi na ƙarshe, Benson?" in ji Kawu.

"Talata da yamma. Na gama, na sa a filash, na mayar durowa."

"Laraba fa?"

"Victor ya kai ni asibitin ido tun da safe. Suka ɗiga mini magani, na wuni ina ganin mutane bibbiyu. Ban kunna ba."

"Alhamis da safe?"

"Ka san inda nake Talata da Alhamis. Wajen dara a Nasarawa, ina cinye tsofaffi."

"Makulli?"

"Saman akwatin mita. Kamar kullum."

"Wa ya sani?"

"Wa bai sani ba?"

Dattijo Godwin ya gyara murya. "Samson, ni dai na ce a bar yarinyar nan. A bar maganar duka. Abin da ya tafi ya tafi. Gida ya fi takarda."

"Kai kaɗai ka faɗi haka a layin nan," in ji Kawu. "Allah ya saka."

Bai dubi kwamfutar ba. Ya durƙusa ya leƙa bayan kabad, inda soket yake, inda tsintsiya ba ta kaiwa. Ya daɗe a can. Ya kama wayar wutar ya murza ta tsakanin yatsunsa, ya dubi wata ƙusa a bango, ya miƙe yana kaɗe gwiwa.

"Benson, kana cire fulogin nan?"

"Da wane bayan? Tun da aka jona shi ban sunkuya wurin ba."

"Wa ya taɓa na'urar kwanan nan?"

"Tony. Makon jiya na sa ya zo ya ɗauke ta ya gyara, tana ja kamar jakin da bai ci ba."

* * *

Shagon Tony yana kasuwar Kakuri, cike da gawarwakin kwamfutoci har rufi. Yana ganin Kawu ya ajiye abin da ke hannunsa.

"Baba, abeg, ni ƙura kawai na hure mata. Na rantse. Littafin nan ko buɗe shi ban yi ba, ni da ko jarida ba na karantawa."

"Ina kake ranar Laraba da Alhamis?"

"Nan. Tambayi mai shayi, tambayi duk layin. Ai ƙwayar cutar kwamfuta ce ta cinye shi. Tsofaffin nan sukan danna duk abin da suka gani."

"Ƙwayar cuta ce ta buɗe durowa ta ɗauki filash?" na ce.

Ya dube ni. "Madam Indiya. Sannu da zuwa."

"Ka taɓa log ɗinta?"

"Ehen! Nan ne muka yi faɗa da tsohon. Na ce masa bari in kashe, ya ƙi."

Kawu ya juyo gare ni. Na yi masa bayani a taƙaice. Kwamfuta tana da wata rajista a cikinta da take rubutawa da kanta, ba wanda ya sa ta: ƙarfe kaza aka kunna ni, ƙarfe kaza aka kashe ni, ƙarfe kaza aka cusa mini wani abu. Ba ta san fuska ba, ba ta san suna ba. Lokaci kawai ta sani.

"Kuma ba wanda ke karantawa," in ji Tony. "Shekara goma sha ɗaya ina aikin nan, ban taɓa ganin mai gida ɗaya da ya buɗe ta ba. Tana cin wuri, tana gajiyar da tsohuwar na'ura. Ofis ne ko banki? Kwamfutar gida ce. Duk wadda ta shigo shagon nan sai na kashe mata."

"Wurin da take ci bai kai hotunan biki guda ba," na ce.

"To ke taki a kunne take?"

A kashe take. Ba don wuri ba. A can Indiya na koyi ƙin duk abin da ke bin sawuna. Tony ya karanta amsar a fuskata, ya yi dariya.

"Me Benson ya ce da ka nemi kashewa?" in ji Kawu.

"Ya ce mai rubuta tarihi ba ya hana wani rubuta nasa."

A hanya Kawu ya ce, "Ba shi ba ne. Ɓarawo ba ya son a san shi ne mai goge sawu. Wannan har tutiya yake yi."

* * *

Asabar da hantsi aka kawo wuta. Kawu ya nemi kowa ya ba mu ɗakin Baba. Na fara neman littafin a cikin na'urar. An goge shi, an zubar da kwandon shara, an kuma yi amfani da ita bayan haka. Gutsuttsura na samu, ba su kai shafi talatin ba. Amma ragowar ta nuna ranar da aka goge: Laraba, ba Alhamis ba.

Sai na buɗe rajistar.

"Karanta mini," in ji Kawu. "Kada ki fassara. Lokaci kawai, da yadda aka tashi."

Ya zauna a bakin gado ya rufe ido. Na yi ta karantawa, na koma baya wata tara. Ruwa ya sauko ya ɗauke ina karantawa. Da na tsaya ya ɗaga yatsa uku.

"Ƙafa uku ce. Ta farko tana zuwa da la'asar kullum, ba ta san sallama ba, ba ta kashe na'ura, tana nan har a ɗauke wuta ko barci ya ɗauke ta. Benson ke nan. Ta biyu Talata da Alhamis, tara zuwa sha ɗaya, in akwai wuta. Tana rufewa a hankali, kamar mai ja wa jariri ƙofa. Tun yaushe?"

"Wata takwas."

"Mai ɓarna ba ta yin wata takwas tana share ƙafa a bakin ƙofa. Me take yi a ciki?"

Na duba. Manhaja ɗaya ce ake buɗewa: gwajin jarrabawar shiga makarantar koyon jinya. Na faɗa masa. Na ji kamar na ɗaga wa wata labulen banɗaki.

"Ta uku. Sake karanta ta."

"Laraba. Goma da minti sha biyu, an kunna. Goma da sha bakwai, an cusa filash. Goma da sha takwas, an cire. Goma da ashirin da ɗaya, ta mutu ba sallama. Filash ɗin bai sake bayyana ba."

"Minti tara."

"Eh."

"Shafi ɗari uku. Ke da kika yi karatu, nawa za ki karanta a minti tara?"

"Biyar. Shida."

"To bai karanta ba. Abin da ya goge bai san shi ba, tsoronsa kawai yake ji." Ya buɗe ido. "Wannan mutuwa ba sallama, ɗauke wuta ce?"

"Rajistar ba ta sani ba. Ta san dai wuta ta yanke mata."

"Akwai mai sani."

Ya tsaya a bakin ƙofa. "Ni ma na riƙe irin wannan a ƙofar masaƙa. Wa ya shiga, wa ya fita, ƙarfe nawa. Ta taɓa wanke wani da aka ce ya saci bandir ɗin atamfa. Ta kuma taɓa tona wani mai fita ƙarfe ɗaya kullum zuwa wajen budurwa, matarsa ta zo ta jira shi a bakin get da muciya. Rajista ba ta da kunya, ba ta da mugunta. Mai riƙe da ita ne ke da su."

* * *

Alexander mai walda yana bakin layi, wayar wuta ɗaya suke sha da gidan Baba. Mai walda ba ya manta ranar da aka bar masa wuta.

"Laraba? Kai, Baba, ranar nan ai har tsoro na ji. Tun asuba har ƙarfe biyu ko ƙyaftawa ba ta yi ba. Na gama ƙofa guda da taga biyu. Na ce wa matata ta yi addu'a, wataƙila duniya ce za ta tashi."

"Ka tabbata ba Alhamis ba?"

"Laraba. Matan zumunta suna ta waƙa a coci, ni ina ba su amshi da guduma."

Muka juya. "Ba a ɗauke wuta ba," in ji Kawu. "Hannu ne ya cire fulogi."

* * *

Diana tana tsakar gida tana wanki. Ta gaida Kawu har ƙasa, ni kuwa ta dube ni kawai.

"'Yata, ba shari'a na zo yi ba," in ji shi. "Talata da Alhamis, tara zuwa sha ɗaya."

Hannunta ya tsaya a cikin ruwa.

"Wa ya faɗa muku?"

"Kwamfutar," na ce. "Tana rubuta lokacin da aka kunna ta."

"Duk wata takwas ɗin nan tana rubuta ni?"

"Eh."

"Wa ya ba ta izini?"



Ta matse riga ta jefa a bokiti. Sau biyu ta zauna jarrabawar ta faɗi, in ji ta. A karo na biyu Victor ya mai da abin wasa. In wani ya yi tari a gidan sai ya ce a kira nas. Ba da mugunta ba, amma kowa na dariya. Ta yi alkawari ba wanda zai sake sani sai ta riƙo takardar ci a hannu. Saura mako uku ta sake zama jarrabawar.

"Gara a ce kin goge littafi da a sake yi miki dariya?" in ji Kawu.

"Ban goge ba, Baba. Na zaci gaskiya za ta fito da kanta."

"Gaskiya gurguwa ce. Sai an goyo ta. Ranar Alhamis da kika shiga, me kika gani wanda ba ki saba gani ba?"

Ta yi tunani. "Ta ƙi kamawa. Na leƙa bayan kabad na ga an cire fulogi. An naɗe wayar an rataye a ƙusa. Na ɗauka Victor ne."

"Victor da ko wandonsa ba ya ratayewa? Naɗin yaya?"

Ta zana da jiƙaƙƙen yatsa a siminti. Gauraye biyu masu haye juna, da ɗamara a tsakiya.

Kawu ya daɗe yana kallon zanen har ya fara bushewa.

"Gobe ranar Laraba kawai za a karanta," ya ce. "Talata da Alhamis naki ne. In kin so ki faɗa, in kin so ki bari."

* * *

Lahadi bayan sujada aka taru a ɗakin Baba Benson, don Kawu ya ce a gaban na'urar za a yi. Baba a kujerarsa. Victor a tsaye jikin ƙofa, Diana a ɗaya gefen. Mama Naomi da kayan cocinta. Tony, wanda aka ɗauko dole. Dattijo Godwin a kujerar da ke kusa da kabad, shi zai jagoranci zaman a madadin dattawa. Ya buɗe da addu'a, gajeriya.

Na karanta layi huɗu na ranar Laraba. Na faɗi abin da mai walda ya ce.

"Naomi," in ji Kawu, "ranar Laraba ƙarfe goma kina ina?"

"Ina zan kasance? Zumuntar mata."

"Wa ya ɗaga waƙa?"

 Ta gyara ɗankwali.

"Diana," ta ce.

"Har ƙarfe nawa?"

"Har sha biyu. Tare muka dawo, ni na riƙe mata lema." Sai ta ɗaga murya. "Amma idona ba na aro ba ne, Samson. Ranar Alhamis na gan ta a kujerar nan, kuma ta ce ba ta taɓa ba."

Kawu bai dubi Diana ba. Ni ma haka.

"Ta gan ni," in ji Diana. "Ƙarya na yi. Wata takwas ina shiga, ina karatun jarrabawar jinya. Baba, ka gafarce ni, ban nemi izini ba." Ta juya ga mijinta. "Yanzu sai ka kira nas."

Victor ya dubi ƙasa. Ba wanda ya yi dariya.

"To wa ya shiga ranar Laraba?" in ji Tony. "Ni dai ina shago."

"Za mu zo nan. Tony, kashe na'urar, ka cire mana fulogi. Ina so in nuna wani abu."

Tony ya kashe, ya miƙa hannu bayan kabad ya fizgo wayar ya yar a ƙasa. Ta faɗi a kan takalmin Dattijo Godwin.

Kawu bai nuna komai ba. Ya shiga labari. Ya ba da labarin wata akuya da ya bi daga Trikania har gindin gada, da yadda ɓarawon ya ɗaura mata leda a kofato. Labari ne mai tsawo, kowa a layin ya san shi. Naomi ta fara hamma. Ni ina kallon hannun Dattijo. Ya jingine sanda. Ya sunkuya ya ɗauki wayar, idonsa na kan Kawu. Yatsunsa suka yi aikinsu: hagu, dama, hagu, dama, ɗamara a tsakiya. Ya miƙa hannu baya, bai ko duba ba, ya rataye a ƙusa.

Diana ta yi ƙaramin sauti.

Kawu ya bar akuyar a gindin gada.

"Godwin, shekara ashirin da biyu ina ganin naɗin nan yana wucewa ta ƙofata. 'Yan sashen lantarki kaɗai ke yin sa. Dokarku ce: ba a barin na'ura a jone, ba a barin waya a ƙasa. A bayan kabad ɗin nan akwai sawun gwiwa, akwai kuma sawun robar gindin sanda. Mai sanda ɗaya ne ke shiga gidan nan."

Dattijo ya dubi ƙusar. Ya dubi hannunsa kamar na wani ne.

"Na ce a bar yarinyar," ya ce a hankali. "Kun ji ni, na ce a bar ta."

"Ka ce. Amma jakarta na bakin ƙofa kwana uku, kana wucewa ta gefenta."

 A waje wani mai keke yana ta danna ham.

"Ni na kai sunayen," in ji Dattijo Godwin. "Lokacin yajin. Sun kira ni ofis, suka ce ko sunaye ko aikina. Benson, da ka ce mini ka gama babin yajin aiki, kwana biyar ban runtsa ba. Jikokina za su karanta."

"Ka karanta babin?" in ji Baba Benson.

"Ban iya ba."

"Minti tara," in ji Kawu. "Filash ɗin fa? Mai naɗe wayar wani ba ya jefa kayan wani a kwata."

Dattijo ya buɗe Littafi Mai Tsarki da ke cinyarsa. Filash ɗin yana cikin jakar bangon. "Na cusa zan goge shi ma. Hannuna ya ƙi."

Baba Benson ya karɓa ya miƙo mini. "Debby, jona. Shafi na ɗari biyu da huɗu, sakin layi na ƙarshe. Idona bai warke ba."

Na warware naɗin, na jona, na kunna. Littafin yana nan cif. Na karanta:

"Wani daga cikinmu ne ya kai sunayen. Yana da 'ya'ya huɗu a lokacin, matarsa kuma tana da ciki. Na san shi. Mun ci abinci a kwano ɗaya kafin ranar, mun kuma ci bayanta. Sunansa ba ya cikin littafin nan."

"Tun shekarar na sani," in ji Baba. "Matarka ta faɗa wa tawa tana kuka, su biyun suka tafi da shi kabari. Ni na rufe ka, Godwin. Kai ka buɗe kanka."

Dattijo ya rufe fuska da hannu. Baba bai taɓa shi ba, bai kuma kore shi ba. Ya juya ga Naomi.

"Abin da kika ji a ɗakin nan, in na tsince shi a bakin teburinki, na daina sayen tumatir ɗinki har in mutu."

"Ni? Yaushe na zama mai surutu?"

Wannan karon an yi dariya, kaɗan.

Victor ya fita. Muka ji shi ya ɗauki jakar daga bakin ƙofa ya kai ɗaki. Ya dawo ya tsaya kusa da matarsa, ya ce wani abu da ba mu ji ba. Ba ta dube shi ba, ba ta kuma matsa ba.

* * *

Da mutane suka watse Baba ya ce, "To, 'yar Indiya. Rajistar nan, a bar ta ko a kashe? Tony ya ce a kashe, ni na ce a bari, kuma ga shi ta tona mutum biyu a wuni ɗaya."

Ina da amsar makaranta: ba ta cin wuri, tana taimakon mai gyara, ba a sanin amfaninta sai ranar da aka nema. Ban ba da ita ba.

"Ba ni za ka tambaya ba, Baba. Tambayi wadda sawunta ya fi yawa a ciki."

Diana tana tattara kofuna. Ta tsaya.

"Ba don ita ba da yanzu ina Kamazou," ta ce. "Ba don ita ba kuma da sirrina yana hannuna." Ta ɗora kofi a kan kofi. "A bar ta. Amma kowa a gidan nan ya san tana rubutu. Kuma ba mai buɗe ta sai an tara mu duka."

"Ka ji mai gadin ƙwarai," in ji Kawu.

Na sa wa rajistar kalmar sirri, na rubuta a takarda. Baba ya ce Diana za ta riƙe.

A gida na buɗe kwamfutata, na dubi tawa rajistar. A kashe take, kamar yadda na bar ta tun Indiya. Ni kaɗai nake zaune. Ba mai tona ni, ba kuma mai wanke ni. Na daɗe ina kallon wurin dannawar, sannan na tashi na ɗora ruwan shayi.

Ranar Talata da safe na bi ta layin zan kai wa Baba shafukan gwaji daga maɗaba'a. Ƙarfe tara da 'yan mintoci, akwai wuta. Labulen tagarsa a ɗage yake har sama. Diana tana kujerar, bayanta a miƙe. Mama Naomi ta hango ni, ta ɗora yatsa a baki.

"Yi a hankali," ta ce. "Nas na karatu."